Darasi na 9: Ruwan zarto mai manyan haƙora

Zarto mai firam ba shi da wuyar haɗawa. Sanda biyu a tsaye, ɗaya a gicciye, igiya a sama, ruwan zarto a ƙasa. Idan ka murɗa igiyar da ɗan tsinke, ruwan ya miƙe tsam. Wuyar tana wajen samun ruwan.

Zarton da ake sayarwa a shago ƙananan haƙora gare shi, 7 ko 8 a inci ɗaya. Wannan na yanka katako a gicciye ne. Tsaga shi ta tsawo kuwa sai haƙora 3 ko 4 a inci, domin garin katako ya sami wurin zama tsakaninsu. In ramin ya cika da gari, zarto ya daina ci, sai gumi kawai kake yi. An fi ganin haka a ɗanyen wawa. (Sunan itacen ke nan a Gana, ba zagi ba ne.)

To, ina za a samu? A nan Kumasi, ka tafi Sokoban, inda aka mai da masu katakon Anloga, ko Suame Magazine wajen masu tsohon ƙarfe. Ruwan injin tsaga katako yakan tsinke, a jefar. Guntunsa ya ishe ka. Nemi mai faɗin inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wanda tsatsa ba ta ci ba.

Kada ka biya kuɗi sai ka gwada. Tafi da magagari mai kusurwa uku a aljihu, ka goga a haƙori guda. In ya kama, ya fitar da garin ƙarfe, saya. In ya zame kamar a kan kwalba, an gasa haƙoran sun yi tauri, ba za su wasu ba. Ajiye masa kayansa.

Auna inci 24, ka yi zane mai zurfi da magagari, ka lanƙwasa, zai karye a wurin. Saura huji biyu na ƙusa. A nan yara suke karya bakin abin huji.

"Maigida, ƙarfen ya ƙi huduwa."

"Ka kai shi wuta?"

Sa ƙarshen ƙarfen kaɗai, inda za ka huda, a garwashi har ya yi ja, ka tura shi cikin toka ya huce da kansa. Kada ka tsoma a ruwa, gautsi zai yi.

Haƙoran inji suna da ƙugiya, hannu ba ya iya tura su. Goge gaban kowanne ya tsaya a miƙe. Ka duba karkatarsu kuma: ɗaya dama, ɗaya hagu, kaɗan-kaɗan, yadda ruwan ba zai maƙale a cikin katakon odum ba.

Aikin gida: ruwa mai tsawon inci 24, haƙora 4 a kowane inci. Haƙora nawa za ka wasa? Rubuta amsar a littafinka.