Yadda Ake Duba Zanen Dutse na Mutanen Dā Ba Tare da An Ɓata Shi Ba

Zanen da mutanen dā suka bari a jikin duwatsu iri biyu ne. Akwai na shafe, wanda aka yi da jar ƙasa, farar ƙasa ko gawayi, galibi a ƙarƙashin dutsen da ya yi rumfa. Akwai kuma na sassaƙa, wanda aka ƙwanƙwasa da wani dutse har siffa ta fito.

Kafin ka hau dutsen, nemi izinin masu kula da wurin, ka ɗauki ɗan jagora daga garin. Shi ya san hanya, ya san ramin da zuma ko rina suka yi gida. Ka sa takalmi mai kama ƙasa, domin falalen dutse santsi gare shi bayan ruwan sama.

Sassaƙa ana kallonta da sassafe ko bayan la'asar. A lokacin hasken rana na zuwa ta gefe, inuwa ta kwanta cikin layukan, sai ka ga ƙahon sa ko wuyan raƙumin dawa ya fito sarai a inda da tsakar rana ba ka ga komai ba. Zanen shafe kuwa inuwa yake so.

Babbar ɓarnar da baƙi ke yi ita ce yayyafa ruwa don launi ya fito a hoto. Kada ka kuskura. Ruwan yana narkar da gishirin da ke cikin dutsen, idan ya bushe gishirin ya daskare a ƙarƙashin launin, ya ɓanɓare shi kaɗan-kaɗan. Haka ta faru a Tassili n'Ajjer ta Aljeriya, inda ayarin wani Bafaranshe mai bincike, Henri Lhote, suka riƙa jiƙa zane don kwafa a shekarun 1950. Taɓawa da hannu na barin maiƙo, bin layi da alli na gurɓata abin da masana ke aunawa don gano shekarun zane, hura wuta kuma na rufe shi da baƙin hayaƙi. Ko numfashin jama'a ma illa ne a rufaffen wuri: kogon Lascaux na Faransa mai zanen mutanen dā, da aka gano a 1940 aka buɗe wa masu ziyara a 1948, dole aka rufe shi a 1963 bayan gansakuka ta fara bin bango. Don haka a shiga kaɗan-kaɗan, a taka a hankali kada ƙura ta tashi.

Hoto uku ake ɗauka: dutsen da kewayensa daga nesa, bangon zanen gaba ɗaya, sannan kowace siffa kusa-kusa. Kyamara ta fuskanci bangon daidai, ba a karkace ba. Wani ya riƙe ma'auni mai tsawon santimita 10 kusa da zanen, ba tare da ya manna shi ba. Idan launin ya dushe, manhajar DStretch na fito da shi a kwamfuta.

Sakainar tukunya ko gatarin dutse da ka gani a ƙasa, bar su inda suke, domin matsayinsu shi ke gaya wa masu bincike zamaninsu. In ka ci karo da zanen da ba a sani ba, rubuta lambobin GPS ka kai wa hukumar adana kayan tarihi. Kada ka baza su a intanet, masu rubuta sunayensu a jikin dutse kan riga ma'aikata isa.