Yadda Ake Zana Eriya Mai Ƙarfin Tattara Sigina da Taimakon Koyon Na'ura

Abin da ke cinye lokacin mai zana eriya shi ne jiran kwamfuta. Manhajoji irin su Ansys HFSS da CST Studio Suite da openEMS suna warware lissafin Maxwell ne a kan dubban ɗaruruwan ƙananan gutsattsari, don haka gwaji ɗaya na babbar eriya kan iya cin rabin awa ko fiye. Hanyoyin bincike na gargajiya kuwa suna neman gwaji dubbai. Aikin koyon na'ura a nan shi ne samar da na'ibi: modal da ya koyi halin manhajar daga gwaji kaɗan, ya riƙa ba da amsa cikin ƙiftawar ido. Idan eriyar waya ce irin Yagi, wadda 4nec2 ke gama lissafinta cikin daƙiƙa, babu buƙatar wannan wahala. A sa bincike kai tsaye a kan manhajar.

Mu ɗauki eriya mai jerin faci 16 (faci ɗan fallen jan ƙarfe ne a kan allo, mai watsa sigina), huɗu a kwance huɗu a tsaye, a kan 5.8 GHz, inda tsawon zango yake wajen milimita 52. Faci ɗaya yana ba da 6 zuwa 7 dBi (ma'aunin ƙarfin tattara sigina), duk ninka yawansu kuma yana ƙara kusan 3 dB, don haka neman 18 dBi ba wuce gona da iri ba ne. A rubuta sauran sharuɗɗan tun farko: S11 (ma'aunin wutar da eriya ke mayarwa cikin kebul) ƙasa da -10 dB a faɗin bandin da ake so, mashigi mai ohm 50, da iyakar ƙarfin rassan gefe, wato siginar da ke fita ta gefe maimakon gaba.

A fara da lissafin hannu. A kan allon Rogers RO4003C mai kaurin milimita 0.813, idan aka yi amfani da 3.55 a matsayin lambar dayalektirik, faci zai fito da faɗi wajen milimita 17, tsayi wajen 13.5. Allon FR4 ya fi araha, amma lambar asarar siginarsa ta kai 0.02, ta RO4003C kuwa 0.0027, kuma a dogayen layukan ciyarwa wannan bambanci yana zaftare ƙarfi sosai. Daga nan a zaɓi ma'aunan da za a riƙa sauyawa, kada su wuce shida zuwa goma: tsayin faci, faɗinsa, zurfin tsagar da layi ke shiga, tazarar da ke tsakanin faci a kwance, da wadda ke tsaye, faɗin layukan daidaita ohm. Kowanne a ba shi iyaka matsattsiya. Tsayin faci kada ya kauce fiye da kashi 5 cikin ɗari, tazara kuma tsakanin milimita 31 da 44. Da zarar tazara ta kusanci cikakken zango, wasu manyan rassa za su tsiro a gefe su kwashe ƙarfin.

Samfuran farko a zaɓe su da `LatinHypercube` ko `Sobol` na SciPy, domin su bazu ko'ina cikin iyakokin. Ƙa'idar da aka saba ita ce goma ga kowane ma'auni: ma'auni takwas, gwaji 80. A ƙara wasu 20 a ajiye su gefe, kada modal ya taɓa ganinsu. A sarrafa manhajar da Python (PyAEDT yana yin wannan ga HFSS) ta kwana tana aiki. Saitin raga, wato yadda manhajar ke yanka eriyar zuwa ƙananan gutsattsari, ya zama ɗaya a duk gwaje-gwajen, in ba haka ba modal zai koyi hayaniyar raga ya ɗauka halin eriya ne.

Abin da aka ce modal ya koya shi ne ya fi lalata wa mutane aiki. Idan aka ba shi S11 a dB a firikwensi guda, zai ruɗe, domin ramin rezonans, wato inda S11 ke faɗawa ƙasa sosai, siriri ne: ƙara milimita 0.1 a tsayin faci yana gusar da shi kusan 40 MHz, lamba ta yi tsalle daga -25 zuwa -8. Gara a ciro siffofin da ke sauyawa a hankali, wato inda ramin yake, zurfinsa, da gefunan bandin, a koya masa waɗannan. Idan dole sai an koyi dukkan layin, a raba shi zuwa ɓangarensa na zahiri da na imajinari. Haka nan ƙarfin tattarawa: a ɗauki wanda ya haɗa da asarar rashin daidaituwar ohm. Wanda ya bi dairektibiti kaɗai, wato tattarawar da ba ta lissafa asara, zai samu eriya mai kyau a allon kwamfuta wadda ke mayar da rabin wutarta cikin kebul.

Ga bayanai ƙasa da dubu, modal irin na tsarin Gauss (Gaussian process) ya fi dacewa, kuma yana nan cikin scikit-learn. A mayar da kowane ma'auni tsakanin 0 da 1, a yi amfani da kanel ɗin Matérn mai tsayi daban ga kowane ma'auni. Waɗannan tsayayyakin za su nuna ma'aunin da ba shi da tasiri, sai a daskare shi. Babbar fa'idarsa ita ce yana faɗin iya shakkarsa a kowane wuri. Nauyin lissafinsa yana hawa da sauri sosai idan samfura suka ƙaru: samfura su ninka biyu, aiki ya ninka takwas. In an kai dubbai, ko siffar eriyar ta ɗigo-ɗigo ce mai ɗaruruwan zaɓi, sai a koma niyural netwok. A gwada modal ɗin da samfura 20 ɗin nan da aka ajiye gefe. Kuskuren da ya haura 0.3 dB ko 20 MHz yana nufin a ƙara samfura ko a matse iyaka.

Sai zagayen bincike irin na Bayes. Modal ya nuna wurin da ya fi sa ran samun ci gaba, a gwada wurin a ainihin manhajar, a zuba sakamakon cikin bayanai, a sake horarwa. A tsaya idan zagaye goma a jere ba su ƙara 0.1 dB ba. Tsarin binciken gwanin gano raunin modal ne, yakan ruga bakin iyaka inda samfura suka yi ƙaranci ya kawo lambar da ba ta da tushe. Idan amsa ta manne a bakin iyaka, a faɗaɗa iyakar a ƙara samfura a can.

Akwai masu son juya abin, su ba netwok ƙarfin da suke so ya fito musu da ma'auni. Matsalar ita ce siffofi da yawa kan ba da sakamako iri ɗaya, sai netwok ya kawo matsakaicinsu, wanda ba ya aiki. Modal mai tafiya gaba haɗe da bincike ya fi aminci.

Kafin a aika zane wurin ƙera allo, a yi amfani da arahar na'ibin. A girgiza ma'aunai da milimita 0.05 sama ko ƙasa sau dubu, a ga nawa ne suka ci gaba da cika sharuɗɗa. Lambar dayalektirik ta RO4003C ma tana iya kaucewa da 0.05, abin da ke gusar da rami kusan 40 MHz, don haka yana da kyau a sa ta cikin ma'aunan tun lokacin tara samfura. Zanen da ya ba da 17.8 dBi a tsaye daram ya fi mai 18.3 da ke rushewa da ɗan kuskure. Wanda aka zaɓa a sake gwada shi da raga mai laushi, tare da kanektar SMA da ainihin girman allon.

Idan allo ya iso, a auna S11 da na'urar awo ta VNA bayan an daidaita ta har bakin kebul. Awon ƙarfi kuma yana buƙatar nisan da ya kai 2D²/λ, inda D ke nufin girman eriyar, λ kuma tsawon zango. Ga allo mai santimita 22 daga kusurwa zuwa kusurwa, kusan mita 2 ke nan, a ɗakin da ke shanye sigina, ana kwatantawa da eriyar da aka san ƙarfinta. Idan ramin ya gusa ƙasa, a gyara lambar dayalektirik a modal har ta yi daidai da awo, sannan a rage tsayin faci a bugu na biyu.