Kurakuran da baƙo ke tafkawa a kasuwannin Lome

Yawancin asarar da baƙo ke yi a kasuwannin Lome, babban birnin Togo, ba ta ɓarawo ba ce. Ta lissafi ce. Mutum ya taso daga Kano ko Kaduna da nairarsa a ka, ya canja ta zuwa sefa, sannan ya ci gaba da ciniki kamar yana Kantin Kwari.

Ni ma ta ci ni a zuwana na farko. Na tsaya wajen wani mai tsire, na ji yana Hausa, sai na saki jiki. Na ce, "Malam, nawa tsinke?" Ya ce, "Ɗari." Na miƙa masa ƙwandalar sefa 100. Ya dube ta, ya dube ni, ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, daga Najeriya kake, ko?" Ashe da dala yake ƙirga, irin lissafin Nijar: dala ɗaya sefa 5 ce, ɗari kuwa sefa 500, jaka guda sefa 1,000. Maganin wannan mai sauƙi ne. Duk wanda ya faɗa maka farashi, da Hausa ko da Faransanci, ka miƙa masa wayarka ya rubuta lambar. Babu kunya a ciki.

Sai canji. Masu canjin kuɗi suna son ɗura wa baƙo takardun 10,000, kai kuma ka ji daɗi aljihu bai kumbura ba. Ka je sayen abarba da ita ka gani. Mai kaya za ta aiki yarinya neman canji, ka yi ta tsayuwa a rana, wani lokacin ma cinikin ya watse. Ka nemi 'yan 500, 1,000 da 2,000 tun a wurin canji, ka kuma ƙi karɓar yagaggiyar takarda, don a gaba ba za a karɓa maka ba.

Inda kuɗi ke zuba da gaske shi ne wajen atamfa. Babbar kasuwa, wadda 'yan gari ke kira Assigamé, tana kusa da tsohuwar majami'ar da Jamusawa suka gina, ba nisa da bakin teku. A nan ne matan da ake wa laƙabi da Nana Benz suka yi suna da dillancin atamfar Holan, har suka riƙa hawa Marsandi, inda laƙabin ya samo asali. Gobara ta cinye babban ginin kasuwar a watan Janairun 2013, amma cinikin yadi bai mutu ba, ya bazu cikin titunan da ke kewaye. Kuskuren baƙo shi ne zaton cewa duk abin da aka sayar a Lome Holan ne. Jabu ya fi yawa, kuma zanen iri ɗaya ne. Ka sa a warware maka turmin, ka juya bayansa: ta gaske launinta ya ratsa fuska biyu. Ka karanta rubutun gefen yadin da lambar zane, sunan Vlisco, kamfanin da ke buga atamfar Holan, yana nan in tasu ce. In an sallama maka a farashin da ya ba ka mamaki, to araha ba ta ado. Kada kuma ka yi tayin wulaƙanci. Matan nan sun gaji sana'ar ne daga iyaye, kuma in ka raina musu kaya, juya maka baya kawai za su yi. Gaisuwa tukuna, ko da "bonjour madame" ce kaɗai ka iya.

Lokaci ma yana ba da mutane. Mu mun saba kasuwa ta ci da yamma, amma mai son kifi ɗanye sai ya yi sammako zuwa tashar masunta da ke gabashin gari, lokacin da kwale-kwale ke dawowa. Ran Lahadi kuwa yawancin shagunan babbar kasuwa a rufe suke. Mai neman gwanjo ya nufi kasuwar Hédzranawoé.

Da 'yan acaɓa, waɗanda ake kira zemidjan, ka gama magana kafin ka hau.

Akwai kuma ɗaukar hoto. Kada ka ɗaga waya a ƙofar tashar jiragen ruwa ko kusa da jami'an tsaro. A kasuwar Akodésséwa, inda ake sayar da kayan tsafi, kawunan dabbobi da ƙasusuwa jibge a kan tebura, akwai kuɗin shiga, hoto ma da nasa kuɗin, sai a daidaita tun a ƙofa. Ni dai leƙawa ɗaya ta ishe ni, warin kaɗai ya koro ni.

Abinci kuma, kada ka ga miya ta yi kyau ka zauna, don ana sayar da naman alade a gari. Ka tambaya, ko ka hau acaɓa zuwa Agoè-Zongo a arewacin birnin, inda za ka samu masallaci da mahauta da tuwo, da wanda zai raka ka kasuwa washegari.