Yadda na hana faifan sabar cika

Sau biyu faifan ajiya na sabarmu (kwamfutar da ke riƙe da bayananmu) ya cika cikin dare. Da na bincika, ashe aikin Ansible (manhajar da ke gudanar da ayyuka a kan kwamfutoci mataki-mataki) da ke kwafe ma'ajiyar bayanai ne: yakan zuba manyan fayiloli a /tmp (wurin ajiye fayilolin wucin gadi), matakin gogewa kuma yana can ƙarshe. Da zarar wani mataki ya faɗi, Ansible ya tsaya cak, tarkacen ya zauna.

Na fara gwada handlers, wato matakan da Ansible ke gudanarwa daga baya idan wani mataki ya kira su, amma su ma ba sa tashi idan aiki ya faɗi, sai an kunna force_handlers, saitin da ke tilasta musu gudana. Hankalina bai kwanta da wannan ba. Sai na tattara matakan cikin block, wato rukuni guda, na mayar da gogewar ƙarƙashin sashensa mai suna always, wanda ke gudana ko an yi nasara ko an faɗi. Na lalata kalmar sirri da gangan don gwaji. Aikin ya faɗi, na leƙa /tmp na same shi fes.