Babi na Bakwai: Mayar da Zance Lissafi

Mai sayar da hatsi da ya ce, "Na auna mudu shida, na biya ɗan dako, kuɗina sun ƙare," ya riga ya faɗi lissafi, saura a rubuta shi. Yawancin masu kuskure a wannan fanni sun iya tarawa da ɗebewa sarai. Inda ƙafarsu ke zamewa shi ne wajen ɗauko magana daga baki a zuba ta cikin alamomi, don haka nan za mu fi daɗewa.

Harafi a madadin abin da ba a sani ba

Kafin ku taɓa kowace lamba, ku nemo abin da ake tambaya, ku ba shi harafi ɗaya, ku rubuta ma'anarsa a saman takarda tare da ma'auninsa. "k = gero" bai isa ba. Kuɗin geron ne, ko yawan mudun, ko nauyinsa? A rubuta: "k = kuɗin mudu ɗaya na gero, da naira."

Wata mata ta sayi gero mudu 6, ta ba ɗan dako ₦500, duka ta kashe ₦7,700. Nawa ne mudu? Mudu 6 kuɗinsu 6 sau k, ana rubuta shi 6k. An ƙara dako, ya zama 6k + 500. Kalmar "duka" ita ce ke kawo alamar daidai:

6k + 500 = 7,700

Wannan shi ake kira daidaito. Ku ɗauke shi kamar sikelin mai awo: abin da aka cire a wannan ɓangare sai an cire irinsa a wancan. Cire 500 a kowane ɓangare, saura 6k = 7,200. Raba gida 6, k = 1,200. Daga nan sai a koma kan maganar farko a gwada, ba kan abin da aka rubuta ba, domin in rubutun ya karkace tun farko gwaji a kansa ba zai tona komai ba. Mudu 6 a ₦1,200 ya kama ₦7,200, da dako ₦7,700. Ya yi.

Ma'auni kuma ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. Kada a haɗa mudu da tiya ko kilo da buhu a layi guda sai an mayar da su abu ɗaya. Masu karatu a Nijar su kula da dala: dala ɗaya sefa 5 ce, saboda haka dala 20 ta baki ita ce 100 a takarda.

Kalmomin da ke yaudara

"Ɗebe 5 daga x" ana rubuta shi x − 5. Da yawa sukan rubuta 5 − x saboda biyar ɗin suka fara ji. Ku tuna yadda muke ƙirga: "ashirin ba biyu" 18 ne, wato 20 − 2. Abin da ake ɗiba daga cikinsa shi ke zuwa gaba.

Wadda ta fi kayar da mutane ita ce maganar ninki. A ce awakin gida sun ninka tumaki sau 3. In a yawan awaki ne, t yawan tumaki, hannu yakan yi saurin rubuta 3a = t don ukun ta zauna kusa da awaki. Ba haka ba ne. Gwada da ƙaramar lamba: in tumaki 2 ne, awaki 6 ne. Wanne za a ninka ya kamo ɗan'uwansa? Tumakin. Saboda haka a = 3t. Wannan dabara ta saka ƙaramar lamba tana warware kusan kowane ruɗani irin wannan, kuma ba ta cin minti ɗaya.

Sai "ya fi ... da". Wa da ƙane sun yi noman haɗin gwiwa, ribar ₦90,000. Sun shirya wan zai fi ƙanen da ₦14,000 saboda shi ya kawo shanun huɗa. A kasuwa za ku ji an ce a raba biyu, ₦45,000 kowa, a cire 14,000 daga na ƙanen a ƙara wa wan. Sai a samu ₦31,000 da ₦59,000, tazarar ta zama ₦28,000, an ci ƙanen ba da niyya ba. A rubuce kuwa: x = rabon ƙane, rabon wa x + 14,000.

x + x + 14,000 = 90,000

2x = 76,000, x = 38,000. Ƙane ₦38,000, wa ₦52,000. Jimla 90,000, tazara 14,000, sharuɗɗan biyu sun cika.

Baka biyu, wato ( ), su ma suna da aiki. Fasinja 4, kowa ya biya kuɗin mota da ₦200 na kaya, direba ya karɓi ₦6,000. Tunda kowa ne ya biya na kayan, 4(k + 200) = 6,000, k = 1,300. Wanda ya manta baka ya rubuta 4k + 200 ya ce mutum ɗaya ne ya biya na kaya, zai samu 1,450.

Inda babu amsa guda ɗaya

Ba kowace magana ce ke ƙarewa da "daidai" ba. Sau da yawa iyaka ake sa wa abu, a ce kada ya wuce kaza ko sai ya kai kaza. Wannan shi ne rashin daidaito, alamominsa huɗu. "Ya fi" ko "ya haura" shi ne >. "Bai kai ba" shi ne <. "Aƙalla" ko "ya kai" shi ne ≥. "Bai wuce ba" shi ne ≤. Buɗaɗɗen bakin alamar kullum yana fuskantar ɓangaren da ya fi yawa, ɗan layin da ke ƙasa kuma yana nufin ita kanta lambar iyakar tana ciki.

Wannan ɗan layi ba ado ba ne. A Nijeriya mai shekara 18 cif yana da damar yin rajistar zaɓe, don haka s ≥ 18 ne. In aka rubuta s > 18 an kore shi. Haka nisabin zakkar awaki da tumaki: daga 40 zuwa 120 ana fitar da guda ɗaya, wato 40 ≤ a ≤ 120. Mai 39 bai kai ba, mai 40 ya shiga, mai 121 ya koma matakin guda biyu. A lura kuma, "ya fi" kaɗai rashin daidaito ne, amma da zarar an faɗi da nawa ya fi, kamar na wa da ƙane, an koma daidaito.

Manomi yana da ₦200,000 zai sayo taki. A ce buhu ₦38,000, dakon kowane buhu ₦1,500, kuɗin motarsa zuwa da dawowa ₦4,000. Buhu nawa zai iya saya? b = yawan buhu. Kowane buhu yana cin 38,000 + 1,500 = 39,500, kuɗin mota kuwa sau ɗaya ake biya, ba a ninka shi da b.

39,500b + 4,000 ≤ 200,000

Cire 4,000, saura 39,500b ≤ 196,000. Raba, b ≤ 4.96 da ɗan ɗoriya. Nan ne zuciya ke cewa ai biyar ne. Gwada: buhu 5 da dakonsu ₦197,500, da mota ₦201,500, ya wuce aljihunsa da ₦1,500. Amsa 4 ce. Zai kashe ₦162,000, ya rage ₦38,000 cif, kuɗin buhu na biyar ba tare da na dako ba. Lissafin ya nuna masa abin da zai nema wajen mai shago: in aka yi masa ragin ₦300 a kowane buhu, biyar ɗin sun shiga.

A wani wurin sama ake hawa. Mai zoɓo tana samun ribar ₦70 a kowace gora, tana sayen ƙanƙarar ₦1,500 kullum, tana son aƙalla ₦3,000 su rage mata don zubin adashi. 70g − 1,500 ≥ 3,000, wato 70g ≥ 4,500, g ≥ 64.3 kusan. Gora 64 ta bar mata ₦2,980, ta gaza da ₦20. Sai 65. Dokar makaranta ta cewa in ɗoriya ba ta kai rabi ba a zubar da ita ba ta aiki a nan. Alamar ce ke faɗin inda za a nufa: ≤ a sauka, ≥ a hau.

Akwai tarko ɗaya da ya rage. Mutum yana da ₦10,000, yana kashe ₦800 kullum, ba ya son abin hannunsa ya gaza ₦2,000. Kwana nawa? r = yawan kwanaki. 10,000 − 800r ≥ 2,000. In aka raba da lamba mai alamar ɗebewa a gabanta, dole alamar ≥ ta juya baki ta koma ≤, kuma nan ake yawan mantuwa. Mun fi son a kauce wa abin gaba ɗaya: ƙara 800r a kowane ɓangare, 10,000 ≥ 2,000 + 800r, cire 2,000, 8,000 ≥ 800r. Kwanakin ba za su wuce 10 ba.

Aikin yi

Malami ya karanta kowace tambaya da ƙarfi sau biyu, ɗalibai su rubuta ma'anar harafi da layin lissafin, a duba su tukuna kafin a warware.

1. Tela ya sayi yadi 8 da zaren ₦600, ya biya ₦20,600. Nawa ne yadi ɗaya?

2. Kaji sun ninka zabi sau 4, duka 35 ne. Zabi nawa?

3. Amalanke ba ta ɗaukar abin da ya wuce kilo 420. An riga an ɗora kayan kilo 45. Buhun siminti nawa, mai kilo 50, za a iya ƙarawa?

Amsoshi: 8y + 600 = 20,600, yadi ₦2,500. z + 4z = 35, zabi 7. 50b + 45 ≤ 420, b ≤ 7.5, buhu 7.