Yadda ake tattakin kwana huɗu daga Birnin Zariya zuwa Turunku

Duk shekara in sanyi ya shigo sai na ga samari a Kaduna sun sayi sabuwar jaka da sabon takalmi, wai za su zaga ƙauyukan tarihi da ƙafa. Yawancinsu a kwana na biyu suke hawa acaɓa su dawo gida. Ƙarfi suna da shi, shirin ne suke farowa ta wutsiya.

Lokaci dai daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu ne. An girbe dawa, kana hango gabanka, rafuka sun ja baya. Da damina laka za ta hana ka sakat, Maris da Afrilu kuwa rana ce za ta kore ka. Ka hau mota a tashar Kawo ka kwana a Zariya, don tafiyar ta fara da asuba. Kilomita 12 zuwa 15 a yini ya isa. Ka yi tafiya daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, ka nemi inuwar mangwaro ko ɗorawa ka miƙe ƙafa, sai bayan la'asar ka ɗan ƙara.

Sabon takalmi kada ma ka fara. Tsohon kambas ɗinka da ƙafa ta saba da shi ya fi na kanti komai tsadarsa, ga kuɗin sun huta. Ka riƙe man kaɗanya saboda faso, da bargo, da fawa bank, da canji ƙanana, don mai fura da nono ba ta san taransifa ba.

Ranar farko ta cikin birni ce. Ka shiga ta Ƙofar Doka, ka bi ta ƙofar fada, ka ga Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, sannan ka fita zuwa Wusasa. Can akwai cocin St. Bartholomew, ginin ƙasa irin na Hausa tun 1929. Washegari da sassafe ka hau Dutsen Kufena kafin dutsen ya ɗau zafi. Daga sama za ka fahimci dalilin da ya sa magabata suka zauna a gindinsa, don mai zuwa da yaƙi tun daga nesa ake ganin ƙurarsa.

Daga nan ne za ka fuskanci kudu, kuma daga nan ne aikin yake.

Kada ka shiga ƙauye ba a san da zuwanka ba. Ni wannan ne ya taɓa ci na. Mun isa wani gari dab da magariba, mu biyu, da jakunkuna a baya, na tsaya ina ɗaukar hoton wasu rumbuna da rana ta yi wa kyau. Kafin in mayar da waya aljihu, 'yan sa-kai huɗu sun kewaye mu, ɗaya da bindigar toka. "Malam, daga ina? Wa ya aiko ku?" Na ce yawon ganin tarihi muke. Babbansu ya dube ni, ya dubi rumbun, ya ce, "Tarihi a rumbun gero?" Ban ga laifinsu ba. A zamanin da ake satar mutane da shanu, baƙo mai ɗaukar hoto da yamma sunansa infoma. A zauren mai unguwa muka zauna har bayan isha, ana juya katin shaidarmu a hasken tocila, sai da aka samu wani malamin makaranta a waya wanda ya san kawuna.

To ga yadda ake yi. Tun kana Kaduna ka samu mutumin yankin ya haɗa ka da dagacin garin farko. In ka isa, ƙofar gidansa za ka fara zuwa, ka cire takalmi, ka durƙusa: "Ranka ya daɗe, baƙi ne, mun zo gaisuwa." Ka ajiye goro, ko da ƙwarya ba ta samu ba, guda goma ma girmamawa ce. Ka faɗi inda ka fito da inda za ka kwana gobe. Abu mafi muhimmanci, ka roƙe shi ya buga wa mai garin da ke gaba waya a gabanka. Shi ne kuma zai gaya maka hanyar da ke da lafiya a wannan makon, abin da Google Maps ba ta sani ba. In ya ce kada a bi ta daji kaza, magana ta ƙare, ka hau mota ka tsallake wurin, ko ka koma gida. Ka isa masauki kafin rana ta yi ja. Hoto kuwa sai an ba ka yaron da zai raka ka.

Kwana a zaure ko ɗakin baƙi ne, tuwo zai fito daga cikin gida, da safe ka bar wa masu gida ɗan abin sabulu.

Kwana na uku da na huɗu gonaki ne da rugage har Turunku, hedikwatar ƙaramar hukumar Igabi, inda Bakwa Turunku ya yi mulki a ƙarni na 16 kafin sarautar Zazzau ta koma Zariya. Ka nemi dattijon da zai kai ka tsohon garin a cikin duwatsu, ya nuna maka wuraren da ake dangantawa da Sarauniya Amina. Ka sallame shi da kyau. Komowa acaɓa ne zuwa babban titin Zariya, sai motar Kawo, kuma ka fito titi tun kafin la'asar.