Yadda Ake Tsara Bangon Wasa Mai Fitilu a Zauren Tsalle-tsallen Yara a Kano

Duk wanda ya taɓa ganin cincirindon yara a gidan zoo ko a wuraren wasan da ke Ado Bayero Mall ranar yawon Sallah ya san cewa wasan yara ya zama sana'a a garin nan, kuma zauren tarampolin, wato gadon tsalle mai sifirin, yana cikin abin da masu jari suka fara sha'awa. Irin wannan zaure ya fara bayyana ne a Las Begas ta Amurka a 2004. Daga baya aka ƙara masa bango mai amsawa, wanda fitilu ke kamawa a jikinsa, yaro ya yi tsalle ya doki wadda ta kama, na'ura kuma ta rubuta masa maki. Abin da ya kamata mai tsara irin wannan bango ya fara sani shi ne, duk inda ya sa fitila, can jikin yaro zai nufa, domin yaron da ke neman maki ba ya duban inda ƙafarsa za ta sauka.

Saboda haka wurin da za a kafa bangon shi ake fara yanke shawara a kansa, kafin a sayi ko da ƙwan fitila guda. Kada a kafa shi a kusurwar da yara ke wucewa zuwa ƙofa, kuma kada ya fuskanci gadon da mutum biyu za su hau tare. Likitocin yara a Amurka sun daɗe suna nuna cewa mafi yawan raunukan tarampolin suna faruwa ne idan fiye da mutum ɗaya na tsalle a gado guda, kuma ƙaramin cikinsu ne ya fi shan wuya, saboda saukar babba tana cilla shi sama ba tare da ya shirya ba. Don haka kowane ɓangaren bango a ba shi gadonsa, yaro ɗaya a gado ɗaya. Idan ana son gasa tsakanin yara biyu, sai a yi ɓangare biyu kusa da juna da katifar kariya a tsakani. Rufin ɗakin kuma ya kai aƙalla mita 5 daga ƙasa, babu fanka a saman gadon. Akwai ƙa'idojin da aka rubuta kan irin wannan zaure, kamar ASTM F2970 ta Amurka, kuma ya dace mai sayar maka da gadajen ya nuna maka takardar da ke cewa kayansa sun bi ta.

Tsayin maɓallan, wato wuraren da fitila ke kamawa yaro ya doka, shi ne inda aka fi yin kuskure, domin kafinta yakan auna da tsayinsa, shi kuwa ba zai yi tsalle a wurin ba. Hanyar da na fi yarda da ita ba ta cin ko sisi. A manna farar takarda ko allo a bangon, a samo yara masu shekaru daban-daban da yardar iyayensu, a shafa musu garin alli a tafin hannu, a ce kowa ya yi tsalle ba tare da ya takura kansa ba ya taɓa bangon sau goma. Shatin hannuwan zai nuna inda ɗan shekara bakwai ke kaiwa da inda ɗan shekara goma sha uku ke kaiwa. A cikin wannan fili za a jera maɓallan, kuma a tattara su a tsakiyar gadon, kada a kai su gefe inda ƙarfe da sifirin suke, don kada yaro ya miƙe jiki ya sauka a baki. Maɓalli takwas zuwa goma sha biyu sun wadatar a kowane ɓangare, kowanne kuma ya fi tafin hannun babba faɗi. Yaran da ba su kai shekara 6 ba, gara a yi musu nasu bangon a ƙasa, kan shimfiɗa mai laushi, ba tare da gadon tsalle ba.

Gangar jikin bangon aikin mai walda ne da kafinta, kuma kayansa ba sa wuyar samu: ƙarfe daga Ƙofar Ruwa, katako daga 'Yan Katako ta Na'ibawa. A ɗaure firam ɗin da ginin kansa, ba da ƙarfen gadon ba, saboda girgizar tsalle tana kwance noti a hankali. A lulluɓe fuskarsa da soso mai tauri da tamfol mai kauri, a nutsar da kan kowace ƙusa, a rufe fitilun da roba mai tauri wadda ba ta fashewa. Gilashi ba shi da wurin zama a nan ko kaɗan. Kada a bar wata ƙugiya ko tsaga, domin hijabin yarinya ko igiyar wandon yaro na iya maƙalewa yana cikin iska.

Ɓangaren wuta shi ya fi buƙatar a yi la'akari da Kano. Wutar gida bolt 230 ce, bai kamata ta kusanci inda hannun yaro mai gumi zai taɓa ba. A ajiye ta a akwati mai kulle can nesa, a turo wa bangon bolt 12 ko 24 kawai, wanda ya ishi fitilun LED da ƙaramar ƙwaƙwalwar na'ura irin Arduino. Tun da ɗaukewar wuta da sauyawa zuwa janareta al'ada ce, a haɗa shi da batir da inbata, in ba haka ba makin yaro zai goge yana tsakiyar wasa, kuma wanda ya taɓa rarrashin ɗan shekara takwas a kan haka ya san abin da nake nufi. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ya sa ake neman maɓalli da akwati masu alamar IP65, wadda ke nufin ƙura ba ta ratsa su. Zafin bazara kuwa yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, don haka akwatin na'ura ya kasance a inuwa, nesa da kwanon rufi. Waɗannan dalilai biyu ne suka sa ba na ba da shawarar bangon majigi, wato wanda na'ura ke haska hoton wasan a jikinsa, ga mai farawa, duk da ya fi burgewa a bidiyo: ƙura tana toshe matatarsa, zafi yana gajarta ran ƙwansa, kayan gyaransa kuma sai an aiko daga waje.

Wasan kansa kada ya wuce daƙiƙa 45 zuwa 60, domin yaron da ya gaji shi ke saukowa a karkace, kuma layin masu jira zai riƙa tafiya. Fitila ta kama ɗaya bayan ɗaya, kada ta yi walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa, saboda hakan na iya tayar wa mai farfaɗiya ciwonsa. Kada a dogara da ja da kore kaɗai wajen bambanta daidai da kuskure, tun da wasu yara, galibi maza, ba sa rarrabe su. Muryar na'urar a ɗauke ta da Hausa, ta ce "Madalla!" ko "Saura kaɗan!", a kuma sa madannin kashe sauti kusa da mai kula da zauren don lokacin salla. Wajen ado, dagin Arewa da shuɗin rinin Ƙofar Mata sun fi dacewa da idon iyayen da za su biya kuɗin shiga.

Kowace safiya, kafin a buɗe ƙofa, ma'aikaci ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, ya goge su da tsumma mai ɗan danshi, ya shafa tamfol ɗin ko akwai yagewa. Notinan firam a ɗaure su duk mako, a sake bin su gaba ɗaya ana jajibirin Sallah, a kuma ajiye maɓalli huɗu ko biyar na canji a cikin akwatin.